Goran Ruwa a Kan Dutsen Hange

Ku da za ku karanta wannan, na san a cikinku akwai masu cewa tsoho in ya rasa aikin yi sai ya hau ƙirƙirar labari. To ni dai na rantse da Wanda raina ke hannunSa, abin nan da idona na gan shi, ba a bakin wani na ji ba, kuma ban ƙara masa gishiri ba. A Makka ne, 'yan shekaru bayan an gama babban yaƙin Turawa, lokacin ina saurayi ina sana'ar ga-ruwa, gwangwani biyu a sanda a kafaɗa, ina kai wa gidajen Larabawa tun daga asuba har rana ta take. Muna zaune a Nakkasa, can a jikin dutse, a wata 'yar bukka ta buhu da fallen gwangwani, ni da mahaifiyata, wadda duk unguwa ke ce wa Inna.

Da ƙafa muka zo daga ƙasar Kano, ni da Inna da wana, Yaya Iro, muka shekara da shekaru a hanya, in damina ta tare mu mu tsaya mu yi ƙwadago, in ta wuce mu ɗaura kaya. To a ayarin masu tafiyar ƙafa akwai wata al'ada: wanda ya yi gaba, in ya zo inda hanya ta rabu, sai ya ɗora dutse a kan dutse a bakin wadda za a bi, don na baya su gani. Kowa haka yake yi, ban da Yaya Iro, don Allah Ya yi shi da taurin kai tun yana yaro. Shi ya ce mene ne amfanin nuna wa mutum hanya mai kyau, ai wadda za ta halaka shi ya kamata a nuna masa. Sai ya samu fale-falen duwatsu biyu ya jingina kawunansu kamar 'yar bukka, ya tura tsakuwa a cikinta, ma'ana kar ku bi nan. Mu 'yan gida mun sani. Amma akwai ranar da wasu bayin Allah da ke bayanmu a ƙasar Wadai suka ga alamarsa suka bi ta, suka wuni a cikin taɓo har ƙugu, da suka cim mana suka yi masa wankin babban bargo, shi kuwa yana ta dariya har da riƙe ciki.

A Sawakin muka rabu, a bakin teku. Kurkunu ya kama shi a ƙafa, masu jirgi suka ce ba sa ɗaukar majinyaci, shi kuma ya rantse sai mun tafi, wai da ya warke zai biyo mu. Ina iya tuna shi a bakin ruwa yana dogara sanda, goran ruwansa a rataye a kafaɗa, wani tsohon gora mai tsagaggen wuya wanda Inna da kanta ta ɗinke da jar fata. Muna hayewa yaƙi ya yi tsanani, jirage suka yi wuya, shiru, shiru, shekara ta bi shekara babu shi babu labarinsa.

Yanzu bari in gaya muku dutsen. Duk wanda ya zo Makka ya san manyan duwatsun da alhazai ke tururuwar hawa don ziyara. Wannan ba ya cikinsu, babu mai kai baƙo can, Larabawa ma ban taɓa jin sun kira shi da suna ba. Yana bayan unguwarmu ta yamma, baƙi ƙirin, babu itace ko ɗaya, kansa wasu manyan duwatsu ne a cakuɗe kamar an zubar da kaya daga kan jaki. Mu Hausawa ne muka sa masa Dutsen Hange, saboda daga samansa kana hango hanyar Jidda, inda masu zuwa a ƙafa ke ɓullowa. Masu hawansa iri biyu ne. Akwai tsofaffin matafiya da ƙafarsu ta saba da tafiya har zama ya zame musu ciwo, su kan hau da sassafe don jini ya motsa. Akwai kuma waɗanda suka baro wani a hanya, su kan hau bayan ƙaramar salla, lokacin da ayari ke fara shigowa, su zauna su zuba wa hanya ido.

Inna tana cikin na biyun, amma ko za ka yanka ta ba za ta yarda ba. Yaya Iro ɗan fari ne, kuma Inna irin matan da ne masu alkunya, ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa yi masa magana ido da ido a gaban mutane ba, "wancan" take ce masa. Don haka in za ta hau dutse sai ta ɗauki igiya ta ce za ta samo kirare. Kirare a dutsen da ko ɗan tsinken sakace babu. Ta dawo da igiyarta a naɗe yadda ta tafi da ita, in na tsokane ta na ce, "Inna, yau ma itacen bai fito ba?" sai ta harare ni ta ce in ci tuwona in rufe mata baki. Ni kuwa raina ba ya so, don ta tsufa, ga ta 'yar firit, ga zafin Makka ba irin na gida ba ne, amma wa ya isa ya hana Inna abin da ta sa kanta.

Ranar da abin ya faru Juma'a ce, ta farko bayan ƙaramar salla, cikin tsakiyar zafi, irin wanda in ka taɓa gwangwani sai ka yarfe hannu. Na dawo daga masallaci na tarar da bukka a rufe, murhu a sanyaye, igiya ba ta nan. Ita da hantsi take saukowa kullum. Maƙwabciyarmu ta ce tun da safe ta ga fitarta, ba ta ga dawowarta ba, kuma ba ta ga ta ɗauki ruwa ba. Gabana ya yanke ya faɗi, don na san abin da ranar nan ke yi wa ƙato ma in ya wuni a kan dutse babu ruwa, balle tsohuwa.

Na cika salka na rataya, na ruga wurin Bakur, wani maƙwabcinmu magidanci, Bahaushe ne amma haihuwar Makka, yana kiwon awaki a duwatsun nan tun tasowarsa, Hausarsa rabi Larabci ce. Bai tsaya tambaya ba, ya zura takalmi ya ce, "Yalla, mu je, Allah karim."

Muka hau har inda masu hange ke zama, wani ɗan fili a ƙasa da ƙololuwa. Babu kowa, wa zai zauna a wannan rana. Sai igiyarta muka gani a ƙasa. Na yi ta kira, "Inna! Inna!" dutse yana maido mini da muryata. Daga nan hanya ta ƙare, sai 'yan tsage-tsage tsakanin duwatsu, wannan ya yi dama wannan ya yi hagu, kowanne kamar ɗan'uwansa, in ka ce za ka bi su ɗaya bayan ɗaya sai magariba ta same ka. Bakur ya tsaya yana dube-dube, can ya nuna bakin wani tsagi ya ce, "Shuf, ga alama. Jiya na wuce nan da awaki babu ita. Wani ya bi ta nan yau, ƙila shi ya ɗauke ta."

Ni a lokacin idona ya rufe, ban ma dubi abin da kyau ba, duwatsu dai na gani an haɗa, kuma a duwatsun Makka ma dokar ɗaya ce da ta ayari, inda ka ga alama nan za ka bi. Na wuce Bakur da gudu na faɗa tsagin. Ya yi gangare, ƙasansa duk tsakuwa, ina gudu tana gudu da ni, na sha wata kwana kawai sai na ga sarari a gabana, dutsen ya yanke tsaf kamar an sa wuƙa, ƙasa tana can nesa. Na so in tsaya ƙafa ta ƙi, na faɗi zaune ina zamewa, wallahi diddigena ya riga ya leƙa, sai na ji an fizgo igiyar salkar da ke wuyana ta baya. Bakur ne. Ya ja ni kamar akuya har muka koma inda ƙafa ke kama ƙasa, muka zauna muna haki, yana ta zagin wanda ya sa alamar da Larabci, wai wane la'ananne ne zai nuna wa Musulmi hanyar mutuwa.

Maganar nan tasa ce ta farkar da ni. Na rarrafa na koma bakin tsagin na durƙusa na dubi alamar. Fale-falen duwatsu biyu, an jingina kawunansu kamar 'yar bukka, ga tsakuwa a ciki. Jama'a, a cikin wannan zafin sai da na ji sanyi ya ratsa ni tun daga ƙeya har tafin ƙafa.

Na ce, "Bakur, ba nuna hanya aka yi ba, rufe ta aka yi. Duk inda ka ga wannan, ɗayar za mu bi."

Ya ce, "Kai majnun ne, mahaukaci? Wa ke yin haka?"

Na ce masa mutum ɗaya na sani a duniya mai yin haka, kuma ba ya wannan ƙasa.

Sai ya bi ni. Muka ɗauki tsagin da babu alama, muka yi gaba kaɗan hanya ta sake rabuwa, ga 'yar bukkar duwatsu a bakin ɗaya, muka bi ɗayar. Haka muka yi ta yi, duk mararraba an riga mu, an rufe mana wadda ba ita ba, har akwai inda aka rufe biyu aka bar wata 'yar ƙofa da sai ka karkace za ka wuce, wadda ni da kaina ko za a kashe ni ba zan ce hanya ce ba. Kuma duwatsun sabbin ɗauka ne, kana ganin gurbin da aka ciro su a gefe. Muka zagaya ƙololuwar muka ɓullo ta bayanta, inda Bakur ya ce shi da ya girma a nan bai taɓa takawa ba.

A nan muka same ta, a ƙarƙashin wani dutse da ya yi rumfa, inuwar da ba ta fi tabarma ba, kuma ita kaɗai ce inuwa a duk wannan gefen. Tana zaune ta jingina, ta miƙe ƙafa ɗaya wadda ta kumbura a idon sawu. Na yi zaton gawa zan tarar, sai ga ta ta ɗago kai ta dube ni ta ce, "Sai yanzu?"

Ban san lokacin da na zube a gabanta ina kuka ba, ƙato da ni, ina ta alhamdulillahi, ina kiciniyar kwance bakin salka. Ta ce in bari, ta sha. Na duba, leɓenta a jiƙe. A cinyarta kuwa ga gora, tsohon gora mai tsagaggen wuya da ɗinkin jar fata, da sauran ruwa a ciki.

Da na matsa mata da tambaya, tana kallon gefe ta ba ni labari a gajarce. Wai ta hango ƙura a hanyar Jidda, ta ce bari ta ƙara hawa ta gani da kyau, ta ɓace a cikin duwatsu, ta gurɗe ƙafa, ta faɗi a rana har ta daina ganin komai sai ja. "Sai wancan ya zo ya goya ni ya kawo ni nan, ya ba ni ruwa, ya ce zai je ya nuna maka hanya. Ba ku gamu ba?"

Na ce, "Inna, wane wancan?"

Ta ce, "Wancan nawa gare ni?"

Bakur ya dube ni na dube shi. Ya leƙa gaba ya leƙa baya, babu kowa, babu sawu, kuma hanyar fita ɗaya ce, wadda muka shigo. Na ji yana cewa a hankali, "Allah yarhamu," wato Allah Ya ji ƙan Iro. Na taka masa ƙafa don kar ta ji. Na goya Inna, ta riƙe goranta gam, muka sauko kafin la'asar ta yi sanyi.

To kun ga Inna ta tsira, amma ni hankalina bai kwanta ba, sabon tashin hankali ma na shiga. Duk wanda Bakur ya ba labari abu ɗaya yake faɗa, mai rai ba ya haye teku ya zo ya koma a wuni ɗaya, Iro ya rasu, Allah ne Ya ba shi iko ya zo ya yi wa uwarsa hidimar ƙarshe. Ni ma haka na ɗauka, har na riƙa yi masa addu'ar mamaci a ɓoye in na je ɗawafi. Inna kuwa ta rataye goran a kan gadonta, ta daina zancen kirare, ta ce tunda wancan ya iso gari ai zai nemo gida in ya gama yawonsa. Ta fara ajiye tuwo a kwano na uku. Na san abin da ke riƙe da ranta ke nan, kuma na san ranar da wani ya shigo da labarin rasuwar, gawa biyu za a yi. Don haka duk ayarin da ya sauka sai in riga kowa zuwa, in tare mutanen Sawakin in roƙe su, in suna da mugun labari ni za su gaya wa, kar su doshi Nakkasa da shi. Na rame na zama kamar sandar ga-ruwata.

Ana sauran 'yan kwanaki a fita Arfa, da hantsi, na dawo ɗaukar wani abu a gida, na tarar da mutum a ƙofar bukkarmu yana sallama, baƙi, ramamme, gemu duk ƙura, yana ɗingisa ƙafa ɗaya. Ya juyo ya ce, "Kai, har yanzu ba ka yi ƙiba ba?"

Na saki gwangwanayen ruwa suka kife. Ba zan ɓoye muku ba, baya na fara ja, sai da ya kamo hannuna na ji ɗumi, na ji warin zufa da na jirgin ruwa, sannan na ƙanƙame shi. Fatalwa ba ta wari haka. Daɗin da na ji a ranar ban sake jin irinsa ba, ko ranar da aka yi mini haihuwar fari.

Inna ta fito, ta dube shi sau ɗaya ta kau da kai kamar ta ga mai tallan gawayi. Ta koma ciki, ta fito da goran, ta miƙo mini ta ce, "Ba wancan kayansa. Ka ce masa an gode."

Yaya Iro ya karɓa yana jujjuya shi, ya shafa ɗinkin, fuskarsa ta canza. Ya ce, "Ina kuka samo wannan?"

Na ce shi zan tambaya. Sai ya zauna a kan dutsen ƙofa ya ce shi dai abin da ya sani, yana can ƙetaren teku yana dako a bakin jirage yana jiran samun wuri, wata Juma'a bayan ƙaramar salla ya cika goransa ya kishingiɗa a gindin wani bango kafin a kira salla, ya yi matashi da shi. Barci ya sace shi, irin wanda bai taɓa yi ba, bai farka ba sai la'asar, Juma'a ta wuce shi, abin da ya sa ranar ta zauna masa ke nan. Ya tashi babu gora, bayansa na ciwo kamar ya yi goyo, tafin hannunsa duk baƙar ƙura, farce ɗaya ya fashe. Har ya ci kwalar wani bawan Allah da ke kwance kusa da shi ya ce shi ya sace, mutumin ya rantse ya ce tun azahar yana nan, kuma Iro bai motsa ba ko juyi. Na tambaye shi ko ya yi mafarki. Ya ce ko kusa, baƙi ƙirin kawai.

Bayan hajji na kai shi Dutsen Hange. Alamun suna nan, ya tsuguna ya daɗe yana kallon ɗaya, ya ce aikin hannunsa ne, ba ya musu, har yadda yake karkata na hagu, amma shi bai taɓa ganin dutsen nan ba. Na ce to ko za mu ƙarasa ya ga inda aka ajiye Inna. Ya miƙe ya kakkaɓe hannu ya ce a'a, mu sauka. Muna saukowa na lura shi ke gaba, ni ina binsa, kuma bai tambaye ni hanya ko sau ɗaya ba.

Na tambayi malamai, wani ya ce mala'ika ne, wani ya ce aljani Musulmi ne ya ari kamarsa, wani ya ce in bar abin a inda Allah Ya bar shi, kuma shawarar na ƙarshen nan na bi. Inna ta rayu shekaru bayan haka, ta ga jikoki, ta rasu a kan gadonta ba ta taɓa yarda cewa wani abin mamaki ya faru ba, a wurinta wancan ya zo, ya yi abin da ya kamace shi, sai dai ya yi nawar dawowa. Goran yana wurina yanzu, kuma har yau in na ɗauko shi tsigar jikina sai ta tashi.

Abin da zan ce muku, in kuna da tsohuwa a gida ta ce za ta samo itace a inda babu itace, kar ku yi mata dariya kamar yadda na yi, ku ɗauki ruwa ku bi ta. In kuma kun hau dutsen da ba ku sani ba kuka ga an jingina duwatsu a bakin hanya, ku yi bisimilla ku tsuguna ku duba da kyau kafin ku sa ƙafa, don ba ku san wanda ya riga ku wucewa ba.